Makabartar da Birnin Paris Ya Haɗiye: Shekara 600 Ana Binnewa a Fili Ɗaya

Idan kai mutumin Bebeji ne, ko Kiru, ko Tudun Wada, ka samu wani dattijo a gidanku ka tambaye shi inda makabartar gari take lokacin yana yaro. Mai yiwuwa ya ce maka a bayan gari take, sai an ratsa gonaki kafin a kai makara. To ka je ka duba yau. A garuruwa da dama za ka tarar gidaje sun zagaye ta, wani ma katangarsa ta jingina da tata, ga kuma rijiya a tsakar gidan. A cikin Kano abin ya fi fitowa fili. Dandolo, da ta Ƙofar Mazugal da ake ce wa Abbatuwa, da ta Tarauni, duk gari ya cim musu.

Akwai birnin da ya riga mu shiga wannan hali, ya kuma bi shi har ƙarshe, aka rubuta abin da ya faru shekara bayan shekara. Birnin shi ne Paris na ƙasar Faransa, makabartar kuwa ta mabiya ɗarikar Katolika ce, sunanta Saints-Innocents. Labarinta nake so in ba ka, domin a can likitoci da masana kemistiri suka gani da idonsu cewa ƙasa tana da iyakar gawar da za ta iya ci, da kuma abin da ke faruwa idan aka ɗora mata fiye da ƙarfinta.

Daga bayan gari zuwa gefen kasuwa

Tun zamanin Rumawa, al'adar mutanen wannan yanki ita ce a binne mamaci a wajen gari, a bakin hanya. Haka wannan makabarta ta fara, a wani fili da ake kira Champeaux, gefen hanyar da ta tashi daga Paris ta yi arewa zuwa Saint-Denis. Daga baya aka gina coci a wurin, aka sa masa sunan jariran Baitalami da Linjilar Matiyu ta ce sarki Hirudus ya sa an kashe. Ma'anar sunan kenan, tsarkaka marasa laifi.

Wajen shekarar 1137, wato jim kaɗan bayan zamanin Sarki Gijimasu wanda Kundin Tarihin Kano ya ce shi ya fara ganuwa, sarkin Faransa Louis na Shida ya mayar da kasuwar birni wannan fili. Ka san halin kasuwa. Inda ta sauka nan jama'a ke sauka. Dabbobi suka riƙa shiga cikin kaburbura, 'yan tireda suka baza kaya a kansu. A 1186 Sarki Philippe Auguste ya sa aka kewaye makabartar da katanga. Shekara huɗu bayan haka, a 1190, ya fara gina wa Paris sabuwar ganuwa, kuma wannan ganuwa ta sako makabartar cikin gari. Daga ranar ba ta da inda za ta faɗaɗa.

Girmanta kuwa kimanin mita 120 ne a tsawo, 60 a faɗi, kusan filin ƙwallo guda. A wannan fili ne unguwannin coci kusan ashirin ke kawo mamatansu. Babban asibitin birni, Hôtel-Dieu, nan yake kawo nasa. Gawar da aka tsinta a titi ko aka tsamo daga kogin Seine ba a san mai ita ba, ita ma nan.

Mu yi ɗan lissafi tare. Idan kabari ɗaya da 'yar hanyar da ke gefensa ya ci murabba'in mita 3, filin ƙwallo zai ɗauki kabari 2,300 ko ɗan fiye. Mai haƙar kabari na ƙarshe da ya yi aiki a wurin ya ce shi kaɗai ya binne mutum kusan 90,000 cikin shekara talatin da 'yan kai. Raba ka gani, kusan 2,500 ke nan a shekara. Ashe da kabari ɗai-ɗai ake yi, shekara guda ta isa ta cika filin. Amma sai da aka yi ƙarnuka ana binnewa, har masu tarihi na ƙiyasta cewa mutum miliyan biyu ne suka kwanta a wurin.

Yaya aka yi?

Dabara biyu suka yi. Ta farko ramin gayya. Masu hali kaɗai ke samun kabarin kansu ko a binne su cikin coci. Talaka kuwa, sai a haƙa rami mai zurfin kusan mita 10, a riƙa jera gawarwaki sahu-sahu, ana yayyafa 'yar ƙasa a tsakani. Ramin yana nan a buɗe wata da watanni har sai ya ɗauki mutum kamar 1,500, sannan a rufe a buɗe wani a gefe.

Ta biyu ita ce kwashe ƙashi. A ƙarni na 14 da na 15, bayan annobar 1348 da ta kashe jama'a ba adadi a Turai, aka gina dogayen rumfuna na dutse a jikin katangar, kowace da ɗaki a sama. In an zo sake haƙa tsohon rami, sai a tsince ƙasusuwan a tara su a waɗannan ɗakuna, iska na busar da su. Attajiran gari ne ke biyan kuɗin ginin a matsayin sadaka, cikinsu har da wani magatakarda mai suna Nicolas Flamel. A jikin bangon ɗaya daga cikin rumfunan ne aka yi wani shahararren zane tsakanin 1424 da 1425, inda mutuwa ke jan kowa da hannu, daga Fafaroma da sarki har manomi. An rushe bangon a 1669 don a faɗaɗa titi.

Kada ka ɗauka wurin tsoro ne da mutane ke gudu. A ƙarƙashin rumfunan nan masu sayar da yadi ke kasa kaya, masu rubuta wa jama'a wasiƙa suna zaune da teburinsu, masu wa'azi na tara mutane. Ƙasusuwa a sama, ciniki a ƙasa.

Mutanen Paris sun yi imani cewa ƙasar wurin ta musamman ce, wai cikin kwana tara take cinye gawa. Wannan magana ita ta kwantar wa kowa da hankali. Alhali filin kansa yana ba da shaida akasin haka, domin a hankali ya yi ta tashi har ya ɗara titunan da ke kewaye da shi da kusan mita 2.

Abin da ƙasa ke bukata kafin ta ci gawa

A nan kimiyyar take. Ruɓewa aiki ne na halittu masu rai: bakteriyar da ke cikin hanjin mamacin, da ta cikin ƙasa, da ƙwari. A ƙasarmu har da gara. Waɗannan ma'aikata suna son ɗumi, da danshi daidai gwargwado, da iskar oksijin. Ka rage musu iska, aiki ya ja baya. Wani likitan Jamus na ƙarni na 19, Johann Ludwig Casper, ya bar wani ƙiyasi da masu binciken gawa ke ambata har yau: ruɓewar mako ɗaya a sarari daidai take da ta mako biyu a ruwa, ko mako takwas a cikin ƙasa.

Ka duba kabarin da muka saba da shi. Mutum ɗaya ne, cikin likkafani, an kwantar da shi a 'yar kabari, an jera itace ko fasassun tukwane, an bar ɗan sarari, ga ƙasa mai yawa ta ko'ina, ga zafin rana. Duk abin da jiki ya saki, akwai ƙasar da za ta tsotse, akwai halittun da za su sarrafa. Yanzu ka kwatanta da rami mai zurfin mita 10, mutum 1,500 an danne juna, cikin ƙasa mai sanyi da jiƙa wadda aka yi ɗaruruwan shekaru ana cusa mata kitse. Oksijin ba ya kaiwa can. Ruɓewar da muka sani sai ta tsaya, wani abu daban ya fara faruwa, za mu zo kansa.

Gargaɗin da aka ƙi ji

Maƙwabta sun daɗe suna kuka da wari. Suna cewa madara da romo na lalacewa da wuri a gidajensu, ruwan rijiyoyinsu ya ɓaci. A 1737 babbar kotun Paris ta sa likitoci uku, Lémery da Geoffroy da Hunauld, su duba wurin. Suka duba suka kawo rahoto, aka ajiye. A 1765 kotun ta yanke hukuncin a fitar da makabartu daga cikin gari. Ba a aiwatar ba. A 1776 Sarki Louis na Sha Shida ya fitar da sanarwar taƙaita binnewa a cikin coci-coci. Saints-Innocents dai ta ci gaba da karɓar gawa.

Me ya hana? Dalili biyu ne, kuma ya kamata a yi wa kowanne adalci. Akwai kuɗi, domin kuɗin binnewa na cikin abin da coci-coci ke rayuwa da shi. Akwai kuma zuciya. Ɗan Katolika na lokacin yana son a kwantar da shi a tsarkakakkiyar ƙasa, kusa da coci, inda masu wucewa za su riƙa yi masa addu'a, kusa da iyayensa da kakanninsa. Kai ma in aka ce maka daga yau mamatanku sai dai a kai su wani daji mai nisa, ba kusa da mahaifinka ba, ai sai ka yi gardama.

Wajen ƙarshen 1779 aka buɗe wani ƙaton rami a gefen titin da ake kira Lingerie, wanda aka shirya zai ɗauki mutum kusan 2,000. A watannin farko na 1780 mazauna titin suka fara rashin lafiya in sun sauka ɗakunan ajiyarsu na ƙarƙashin ƙasa. Kyandir in an shiga da shi sai ya mutu. Daga bisani bangon ɗaya daga cikin ɗakunan ya rufta saboda nauyin abin da ke bayansa, abin cikin ramin ya kwararo cikin gidan mutane. Wani masanin harhaɗa magunguna mai kula da tsaftar birni, Cadet de Vaux, shi ya bincika ya rubuta rahoto. A wannan karon ba a ajiye ba. Kafin shekarar 1780 ta ƙare an rufe makabartar.

Batun kyandir ɗin nan masu yasar rijiya a ƙauyukanmu sun san shi, shi ya sa gogaggu cikinsu ke zura fitila kafin su shiga. Ruɓewa tana cinye oksijin, tana fitar da iskar kabon dayoksaid da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Duka biyun sun fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka sai su kwanta a rami. Oksijin kashi 21 cikin ɗari ne na iskar sarari. In ya sauka zuwa wajen kashi 16, wuta ba ta ci. Inda wuta ta mutu, mutum ma bai kamata ya shiga ba.

Kwashe mamata da dare

Rufewa bai kawar da abin da ke cikin ƙasa ba. Sai aka yi sa'a wata matsalar ta zama maganin wannan. Ƙarƙashin kudancin Paris cike yake da tsofaffin ramukan da aka haƙi dutsen gina birnin. A 1774 wani titi ya rufta cikinsu, abin da ya sa aka kafa hukumar kula da ramukan a 1777, Charles-Axel Guillaumot ya shugabance ta. Ga ramuka ba kowa, ga ƙasusuwa ba wurin zuwa. A watan Nuwamban 1785 majalisar sarki ta ba da umarnin kwashe makabartar. Ranar 7 ga Afrilu, 1786, limaman coci suka tsarkake wani sashe na ramukan a wurin da ake kira Tombe-Issoire.

An fara tonon a Disamban 1785, aka yi ta yi kashi-kashi har cikin 1787, yawanci da sanyi kuma da dare, da hasken jiniya. Ana loda ƙasusuwa a kekunan doki, a lulluɓe da baƙin ƙyalle, limamai na biye suna addu'ar mamata. Hukuma ta fahimci cewa in ba a girmama mamatan ba, rayayyu ba za su yarda ba. Likita Michel-Augustin Thouret ne ya sa ido kan aikin.

A nan ne aka ga abin da na ce za mu zo kansa. A cikin manyan ramukan, gawarwaki da yawa ba su koma ƙashi ba, ko da sun shekara goma sha ko ashirin. Sun rikiɗe sun zama wani abu fari-fari mai laushi, kamar cuku ko sabulu, wasu har siffar jikinsu na nan. Masu haƙar kabari sun daɗe da saninsa, suna ce masa kitsen makabarta. Masanin kemistiri Antoine Fourcroy ya ɗebi samfuri ya kai ɗakin gwaji, ya raɗa masa suna adipocire, daga kalmomin Latin biyu masu ma'anar kitse da kaki. Mu ce masa kakin kabari.

In ka taɓa ganin yadda mata ke dafa sabulun salo da mai da ruwan toka, ka ga dangin wannan aiki. Kitse yana tsagewa gida biyu, gilisarin ya fita, a bar sinadaran asid na kitse. A cikin rami mai jiƙa marar iska, ruwa da bakteriyar da ba ta bukatar oksijin su ke yin wannan tsagawar sannu a hankali, kitse mai laushi ya koma mai tauri. Da zarar ya yi, yana iya ɗaruruwan shekaru bai narke ba. Michel-Eugène Chevreul ne ya warware wannan sirri daga baya, cikin binciken kitse da ya tattara a littafinsa na 1823, binciken da ya bayyana yadda sabulu ke samuwa, ya kuma kai ga kyandir mai tauri marar hayaƙi. Har yau masu binciken gawa na amfani da kakin kabari wajen gane irin wurin da gawa ta kwanta.

Sun yi daidai, bisa dalilin da ba daidai ba

Likitocin 1780 sun ɗauka warin ne da kansa ke haddasa annoba. Wannan fahimta ba ta tsaya ba. A 1854 John Snow ya bi sawun kwalara a Landan har zuwa famfon rijiya guda, daga baya Pasteur da Koch suka tabbatar da cewa ƙwayoyin cuta ne ke yaɗa ta. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke faɗa yau shi ne gawa ita kaɗai ba ta cika jawo annoba ba, in ban da ta wanda ya mutu da cuta irin kwalara ko Ebola ko zazzaɓin Lassa. Haɗarin da ya fi daɗewa yana cikin ruwa. Ruwan da jiki ke saki yana ɗauke da sinadaran naitirojin da bakteriya, kuma in ƙasan kabari ya taɓa ruwan ƙarƙashin ƙasa, zai iya bin sa har rijiya.

Duk da haka dokar da ta biyo baya ta yi amfani. Ranar 12 ga Yuni, 1804, Napoleon ya sa hannu kan dokar da ta ce makabarta ta kasance aƙalla mita 35 zuwa 40 daga iyakar gari, kowa da kabarinsa, zurfin mita ɗaya da rabi zuwa biyu, kada a sake buɗe kabari sai bayan shekara biyar, filin kuma ya ninka bukatar shekara guda sau biyar. A 1808 aka ƙara cewa ba a haƙa rijiya ko gina gida cikin mita 100 daga sabuwar makabarta sai da izini. A shekarar 1804 ɗin aka buɗe Père Lachaise a kan wani tudu a bayan gari. Ka san me ya faru? A 1860 Paris ta faɗaɗa iyakarta, Père Lachaise ta koma cikin gari.

Filin Saints-Innocents kuwa, an rushe cocin, aka mai da wurin kasuwar kayan miya har zuwa 1858. Yau dandali ne mai suna Joachim-du-Bellay, da tsohon maɓuɓɓugar ruwa na 1549 a tsakiya, 'yan taku kaɗan daga tashar jirgin ƙasa ta Châtelet-Les Halles. Ƙasusuwan suna can mita 20 a ƙarƙashin ƙasa tare da na sauran makabartun da aka kwashe daga baya, na mutum kusan miliyan shida, ba wanda ke da suna a kansa.

Mu dawo gida

Ba mu yin ramin gayya, kuma zafin ƙasarmu da yadda muke binnewa suna taimakon ƙasa ƙwarai. Amma lissafin fili bai san addini ba. Ya shafi makabartar Musulmi a Kiru, ya shafi ta Kiristocin Sabon Gari a Kano, ya shafi ta Hausawa Kirista a ƙauyukan Bebeji da Tudun Wada. Mu ɗauki gari mai mutum 50,000. A ƙiyasin mace-macen Nijeriya na kusan mutum 12 cikin 1,000 a shekara, gawa 600 ke nan, murabba'in mita 1,800. Duk shekara huɗu garin na bukatar filin ƙwallo guda, a daidai lokacin da dillalan filaye ke yanka gonakin bayan gari fuloti-fuloti.

Sai batun ruwa. Kudancin Kano a kan dutse yake zaune, ruwan rijiyoyinmu kuma yana kwance ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama, ba zurfi. A watan Agusta yana tasowa sosai, musamman a fadamu, da gefen madatsar Tiga, da wajejen Doguwa inda damina ta fi ƙarfi. Wani rahoto da ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar a 1998 ya ba da awo mai sauƙin riƙewa: mita 250 tsakanin kabari da rijiya ko burtsatsen da ake sha, mita 30 daga rafi ko maɓuɓɓuga, sannan ƙasan kabari ya ɗara ruwan ƙarƙashin ƙasa da aƙalla mita 1 a lokacin da ya fi tasowa.

Mita 250 kusan taku 330 ne na babban mutum. Gobe in ka fita, ka ƙirga daga katangar makabartar unguwarku zuwa rijiyar da ta fi kusa. In bai kai ba, a gwada ruwan, a kuma riƙa tafasa shi kafin sakamako ya fito. Sannan ka tambayi masu haƙar kabari shekara nawa suke ganin ya rage filin ya cika, domin a Paris ma su ne suka fara sani. Amsar da suka ba ka, ka kai wa mai unguwa ko dagaci tun gonar da ke gefe ba ta zama fuloti ba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.